Harshen Damo

Yara, ran nan lokacin hutun ƙarfe goma ina zaune a gindin dogon yaro, sai na ji wani ɗan aji biyar yana tsokanar abokinsa. Ya ce masa: "Da me ake tuwo?" Abokin ya ce: "Da gari." Ya ce: "Dogon Dutsi fa, gari ne ko ba gari ba ne?" Ya ce: "Gari ne mana." Sai ya yi tsalle ya ce: "Ashe jiya da Dogon Dutsi innarka ta tuƙa tuwo!"

Kowa ya fashe da dariya, har da ni. Babu wanda ya ruɗe, don kowa ya san garin da ake niƙawa daban, garin da ake zama cikinsa daban. Ko a baki ma ba su zama ɗaya ba: na tuwo ana jan muryarsa, na zama ba a ja. Rubutu ne kawai ya mai da su tagwaye.

Amma da na koma gida sai na yi ta tunani. Dabarar nan da yaron ya yi don wasa, akwai manyan da suke yin ta ba da wasa ba. Da ita ake cin kuɗin mutane, da ita ake sayar musu da abin da ba zai amfane su ba, da ita ake raba su da gonakinsu. Ni a ganina, yaron da ya gama makaranta bai iya gane wannan tarko ba, karatunsa da saura, ko da ya iya lissafi kamar ruwa.

Kun taɓa lura da harshen damo? Tushensa ɗaya, amma bakinsa ya rabu biyu. Shi ya sa Hausawa suke cewa magana tana da harshen damo idan tana iya ɗaukar ma'ana biyu. Mai son ya ruɗe ka yakan nemo kalma irin wannan. Da farko sai ya faɗe ta da ma'anar da kowa ya yarda da ita, kai kuma ka gyaɗa kai. Yana cikin magana sai ya juya ta zuwa ma'ana ta biyu, bai sanar da kai ba. A ƙarshe ya ce: "Ai da bakinka ka yarda." Alhali abin da ka yarda da shi daban, abin da ya ɗora maka daban.

Kalmomi masu fuska biyu suna kewaye da mu. Sunan ƙasarmu ma haka yake. Mu Arawa muna zaune a Arewa, amma in kun duba taswirar Nijar za ku ga Dogon Dutsi tana kudu maso yamma, Agadas ce take arewa. In kuma ɗan Kano ya ce Arewa, arewacin Najeriya yake nufi. Tibiri ma biyu ce: akwai tamu ta jihar Doso, akwai Tibirin Gobir kusa da Maraɗi. Waɗannan ba su cika cutarwa ba, iyakarsu matafiyi ya shiga motar da ba tasa ba. Masu haɗari su ne waɗanda ma'anarsu biyu suke kusa da juna kamar wa da ƙane, har ido ba ya saurin bambanta su. Bari in kawo muku uku.

Na farko a kasuwa yake. Kun sani, mu da dala muke ƙirga kuɗi, takarda kuwa da faran take ƙirgawa. Dala ɗaya faran 5 ce. Dala ashirin ita ce 100, jikka ɗaya kuwa 1.000, wato dala ɗari biyu. To, a ce wani manomi ya ranci jikka biyar lokacin bazara, aka rubuta 5.000 a takarda, ya danna yatsa. Da kaka ta yi, mai bashi ya zo da takarda, ya sa wani yaro ya karanta. Yaro ya ce: "Dubu biyar." Sai mai bashi ya ce: "Kun ji da kunnenku, takarda ta ce dubu biyar. Mu nan ƙasar da dala muke ƙirga. Saboda haka dala dubu biyar nake bin ka." Maganarsa ta farko gaskiya ce. Ta biyu ma gaskiya ce. Amma ƙarshen ƙarya ne tsagwaronta, don dala dubu biyar jikka ashirin da biyar ke nan, ninki biyar na abin da ya bayar. "Dubu biyar" ta shiga maganar tana faran, ta fito tana dala. Da yaron da ya karanta ya ƙara kalma ɗaya tak, ya ce "faran dubu biyar", da tarkon bai kama ba. Haka tiya da dami suke. Wanda ya ranta maka ɗan ƙaramin dami, ya zo biya ya zaɓi wanda mutum biyu suke ɗagawa, yana cewa dami ai dami ne, da harshen damo yake magana.

Na biyu ya fi na farko haɗari, don da rai yake wasa. Kun san masu yawo da ƙwayoyi a faranti ranar kasuwa. Uwa ta zo ta ce ɗanta yana zazzaɓi. Mai faranti ya ce: "Ɗanki zazzaɓi yake yi. Wannan maganin zazzaɓi ne. Ki ba shi, ya warke, ba sai kin wahala zuwa likita ba." A nan ma kalma ɗaya ce take aiki biyu. Muna cewa zazzaɓi idan jiki ya yi zafi, ko mene ne dalili. Muna kuma cewa zazzaɓi idan muna nufin cutar da sauro yake sakawa cikin jini. Ƙwaya irin parasetamol tana sauke zafin jiki, wannan gaskiya ne. Amma ba ta kashe ƙwayar cutar da sauro ya saka. Sai jikin yaro ya yi sanyi na ƴan awoyi, uwa ta saki jiki, cuta kuwa tana ci gaba da cin jininsa. Zazzaɓin cizon sauro yana iya kashe ƙaramin yaro cikin ƴan kwanaki. A gidan likita ana ɗiban ɗigon jini daga yatsa a gwada, cikin ƴan mintoci a san ko shi ne. Wani mai farantin kuma zai ce: "Sha abinka, magani ai ba ya cuta." Ku tambaye shi: maganin ɓera fa, da maganin ƙwarin wake, ba magani ake kiran su ba?

Na uku shi ne wanda na gani da idona, kuma shi ya sa nake wannan rubutu.

Ina yaro kamarku, a ƙauyenmu cikin ƙasar Tibiri, aka yi wata shari'ar gona a ƙofar mai gari. Ni aka aika in kai wa dattawa ruwan sha, sai na laɓe a bayan tabarma ina saurare. Mutum biyu ne, maƙwabta, iyayensu duk sun rasu. Gonar tana cikin fadama, inda ruwa ba ya da nisa, kowa ya san darajarta. Wanda yake noma ta ya samu mai saye, yana son ya sayar. Ɗayan ya ce ba ta sayuwa, ta gidansu ce.

Mai son sayarwa ya tashi ya ce: "Dattawa, ku ne shaida. Babansa ya ba babana gonar nan ko bai ba shi ba?" Suka ce: "Ya ba shi." Ya ce: "Abin da aka ba mutum nasa ne ko ba nasa ba ne?" Suka ce: "Nasa ne." Ya ce: "Abin uba kuma ɗansa yake gada. To, gona tawa ce, in na ga dama in sayar."

Wuri ya yi tsit. Ni kaina a lokacin na ce shi ke nan, ya ci shari'a. Maganarsa ta jeru kamar kunyar gona, babu inda ta karkace.

Can sai wani tsoho da ba ya cika magana ba ya gyara zama. Ya ce wa mai son sayarwa: "Ɗana, ba ni sandarka." Ya miƙa masa. Tsoho ya dafa ta ya miƙe, ya kama hanyar gida. Mutumin ya ce: "Baba, sandata fa?" Tsoho ya juyo ya ce: "Wace sandarka? Ba ka ba ni ba? Abin da aka ba mutum ai nasa ne." Aka yi dariya. Ya dawo ya zauna, ya ce: "Bayarwa iri biyu ce, akwai ta aro, akwai ta kyauta. Damin hatsin nan da babanka yake kai wa gidansu kowace kaka har ya rasu, na mene ne? Wanda aka yi wa kyauta yana kai damin shaida?"

A nan magana ta mutu. Aka ce ya ci gaba da nomansa kamar yadda ubansa ya yi, amma ba shi da ikon sayarwa. An raba gardama, sai dai ba a gyara zumunci ba. Gidajen nan biyu da suke musayar ƙwaryar tuwo kowane dare, har na bar ƙauye zuwa makarantar horon malamai ba su koma gaisawa ba. Kalma mai harafi biyu ce ta jawo wannan: "ba".

Kada ku ɗauka a ƙauyenmu kaɗai aka yi haka. A watan Disamba na 1974, shugaban ƙasa na lokacin, Seyni Kunce, ya yi shela cewa duk gonar da mutum yake nomawa za ta ci gaba da zama a hannunsa, ko ta wace hanya ya same ta. Nufinsa shi ne ya kare talaka mai noma, kada a kore shi daga gonar da yake ci da iyalinsa. Amma me ake nufi da zama a hannu? Mai noma ya ce mallaka ake nufi. Wanda kakansa ya sari dajin ya ce amfani kawai ake nufi, tushen gona yana wurinsa. Kowa ya riƙe nasa reshen harshen. Shekara da shekaru ana ta kai ƙara gaban sarakuna da alƙalai a kan wannan. A 1993 aka kafa dokar karkara, aka kuma kafa kwamitocin filaye da ake kira Kofo. Ɗaya daga cikin ayyukansu shi ne ba da takardar shaida, kuma kowace irin bayarwa da tata takardar: ta sayarwa daban, ta kyauta daban, ta aro daban, ta haya daban, ta jingina daban. Kun gani, abin da tsohon nan ya yi da sanda shi ne hukuma ta yi da takarda. Ta tsaga kalma ɗaya gida-gida, don kada wani ya ɓuya a cikinta.

Ƙasashe ma ba su tsira ba. A 1889 Sarkin Habasha Menelik na Biyu ya ƙulla yarjejeniya da Italiya a wani gari da ake kira Wucale. An rubuta ta cikin harsuna biyu. A sashe na 17, takardar Amharanci ta ce sarki yana iya bi ta hannun Italiya in zai yi hulɗa da sauran ƙasashe, wato in ya ga dama. Takardar Italiyanci kuwa ta mai da abin dole. Da wannan Italiya ta shaida wa ƙasashen Turai cewa Habasha ta shiga ƙarƙashinta. Menelik ya ƙi, ya soke yarjejeniyar. Abin bai ƙare ba sai da aka gwabza yaƙi a Adwa ranar 1 ga Maris 1896, inda Habasha ta yi nasara, amma dubban mutane suka mutu a ɓangarorin biyu.

To, yaya za ku kare kanku? Ga hanya huɗu, kuma babu wadda take bukatar kuɗi.

Ta farko, in kuka ji magana ta jeru da kyau amma ƙarshenta ya zo da abin mamaki, ku tsaya. Gaskiya da gaskiya ba sa haifar ƙarya. In aka haifi ƙarya, akwai abin da aka sauya a hanya.

Ta biyu, ku nemi kalmar da aka faɗa sau biyu, wadda ta haɗa magana ta farko da ta biyu kamar gada. Galibi a nan ɓarawon yake.

Ta uku, ku cire kalmar, ku sa bayaninta a kowane wuri. "Babansa ya ara wa babana gona. Abin da aka yi wa mutum kyauta nasa ne. Saboda haka gona tawa ce." Kun ji yadda ta wargaje? Ko ƙanenku na aji ɗaya ba zai yarda ba.

Ta huɗu taku ce ku masu karatu da harshe biyu. Ku juya maganar zuwa Faransanci. In kuka ga kalmar Hausa ɗaya tana neman kalmomin Faransanci biyu, kamar yadda "ba" take zama prêter a nan, ta zama donner a can, kun kama damo a wutsiya. Haka kuma ku yi wa Faransanci, don shi ma yana da nasa. Kalmar voler tana nufin tashi sama, tana kuma nufin sata. Da wani zai ce tun da tsuntsu yana voler to ɓarawo ne, da kun juya zuwa Hausa kun ga wautar.

Wannan ilimi tsoho ne. Fiye da shekara 2.300 da suka wuce, wani masani na ƙasar Girka mai suna Aristo ya lissafa hanyoyi 13 da ake yaudarar mutane da su cikin gardama, kalma mai ma'ana biyu tana cikinsu. Malaman Musulunci sun karanta wannan fanni, suna kiran sa manɗiƙi. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu a kansa. Tsohon ƙauyenmu kuwa bai karanta ko ɗaya ba, kunne ne da natsuwa.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce: "Mushe yana koya wa yara gardama da manya." Ba haka ba ne. Tambaya daban, tsaurin ido daban. Yaro mai ladabi yana iya durƙusawa ya ce: "Baba, ban gane ba, aro ne ko kyauta?" Ko ya ce: "Inna, faran aka rubuta a nan, ba dala ba." Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya, don ba ta rage masa kome. Wanda ya fusata don an ce ya fayyace kalmarsa, ya nuna inda yake ɓoye. Hausawa dai sun ce matambayi ba ya ɓata.

Wasu kuma za su ce: "Ai harshen damo shi ne gishirin Hausa. In an kashe shi, ina kacici-kacici, ina habaici, ina wasan taubasai?" Wannan na yarda da shi, kuma ba na son a kashe shi. Ku yi ta wasanku a dandali, ku yi ta tsokanar juna da gari da gari, da kuka da kuka. Wasan ma yana wasa ƙwaƙwalwa. Bambancin ɗaya ne: a wasa, kowa ya san ma'ana biyu ce, shi ya sa ake dariya tare. A yaudara, mutum ɗaya ne ya sani, shi ya sa shi kaɗai yake dariya. In magana ta zo kan kuɗi, ko lafiya, ko gona, ko alkawari, to kowace kalma ta tsaya da ƙafa ɗaya.

Ku kuma sani, ba duk mai irin wannan magana ne macuci ba. Mutumin ƙauyenmu, ina jin har cikin zuciyarsa ya yarda gonar tasa ce. Yana yaro ya ji ana cewa "an ba mu", ya girma da ita, son rai kuma ya zaɓar masa ma'anar da ta fi daɗi. Kalma tana iya ruɗin mai faɗinta kafin ta ruɗi mai ji. Saboda haka ku fara da kanku. Wanda na ce ya yi aikin gida, washegari ya zo da kaye babu rubutu, ya ce ai ya yi, ya share tsakar gida ya ba awaki ruwa, ya san kansa. Shi ma ɗan ƙaramin damo ne.

Gobe ku ne za a kira ku karanta wa iyaye takardar bashi, ku ne za ku rubuta shaidar gona, ku ne za ku raka ƙannenku gidan likita. Mutanen da ba su yi karatu ba za su dogara da bakinku. In kun karanta musu kalma, ku karanta musu da ma'anarta. In ma'anar ba ta fito ba, kada kowa ya danna yatsa sai an fito da ita.

Tambayoyi

1. Me ya sa Hausawa suke kwatanta magana mai ma'ana biyu da harshen damo?
2. Faran nawa ne dala dubu biyar? Faran nawa manomin ya ranta?
3. Me tsoho yake son ya nuna da ya karɓi sanda?
4. Nemo kalmar da ta sauya ma'ana: "Mai wuya ba ya jin daɗi. Raƙumi yana da dogon wuya. Saboda haka raƙumi ya fi kowa shan wahala."

Aiki

Ku tambayi wani dattijo a gidanku bambancin aro, haya da jingina. Ku rubuta amsarsa cikin kaye, da Hausa da Faransanci.